Dodon da Tsoho Emil Ya Sassaƙa

Akwai ranar da har yau ta ƙi fita daga raina. A farkon shekarun 1970 ne, ina aiki a wata maɗaba'a a ƙasar Turawa, kusa da titin da ake kira Canal Street. Aikina shi ne in duba kowane shafi, rubutu da hoto, in sa hannu kafin a kai wa inji.

Muna da wani tsoho, Emil, mai sassaƙa hotunan littattafai a kan katako da hannu. Sauran abokan sana'arsa duk an sallame su tun da aka kawo injin da ke ɗaukar hoto ya buga. Shi kaɗai ya rage, shi ma don manaja na jin nauyinsa ne.

Aka ba shi littafin tatsuniyar yara, labarin dodon da ke cinye gari. Da shafin ya iso teburina, sai na ga haƙoran dodon na ƙarfe ne irin na inji, hayaƙi na fita ta ƙahoninsa, mutanen gari kuma sun yi layi suna shiga bakinsa, kowa riƙe da kayan sana'arsa. Nan take na gane nufinsa. Mahaifina masaƙi ne, a kan idona yadin kamfani ya zaunar da shi a ƙofar gida, ba mai tambayar saƙarsa.

To mu a wajenmu, in gwani ya yi aiki, a gaban manyansa ake yaba shi. Da manaja ya zo wucewa na tare shi da shafin, na yi ta fassara masa, ina zuba kamar maroƙi.

Ya ce, "Wato injina ne wannan?"

Na ce, "Yallaɓai, ai nan gwanintar take."

Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce yara ba sa bukatar wa'azi. Ya soke shafin. Ranar Juma'a aka sallami Emil.

Na same shi yana naɗe wuƙaƙen sassaƙarsa cikin tsumma. Na ba shi haƙuri.

Ya ce, "Ɗana, na yi shekaru ina cusa irin wannan a littattafansu. Ba wanda ya taɓa gani sai kai."

Ban san ko godiya yake yi ko zargi ba, ban kuma sake ganinsa ba.

Ku masu tasowa, abin da na koya ba shi da daɗin faɗi. A sana'ar nan, wani lokaci abin da ke rufa wa gwani asiri shi ne ba mai kallon aikinsa da kyau. Ni na kalla, na raba tsoho da abincinsa.