Lambun da Ya Kori 'Yan Dara

Mun tashi da asuba daga Mirriya, mu uku. Kwamitin gyaran filin unguwarmu ne ya aike mu Damagaram mu gano wani sabon lambun shaƙatawa, mu zo mu yi irinsa. Gaskiya ni na matsa a yi tafiyar. Wata biyu ina kumfar baki a taro cewa sai an shimfiɗe filinmu da pabe, tubalin sumuntin nan na daɓe ƙasa, a jera bencina. Wanda ya fi kowa ƙin abin kuwa surukina ne, don a yashin filin yake haƙa gurabensa na dara tun ba a haifi matata ba. Tun da na fara zancen ya daina amsa gaisuwata da kyau, kuma abin yana damuna ƙwarai.

A mota aka cusa mu kamar buhunan gyaɗa. Wata baiwar Allah ta ɗora mini tukwane biyu a cinya, ta ce amana ce. Kuɗin mota ya ƙaru da dala ashirin, wato sefa ɗari, direba ya ce mu je mu tambayi masu sayar da mai. Hanya dai lafiya lau, gero ya fid da kai hagu da dama, har muka hango duwatsun Birni, tsohuwar unguwar Damagaram. A tasha muka karya da koko da ƙosai, ƙosan ya ƙanƙance sai ka haɗa biyu kafin baki ya san an sa masa wani abu.

Lambun kam ya yi kyau, ba ƙarya. Fenti kore da fari, bencina a jere, lilon yara, pabe tun daga ƙofa har bango. Ina ta ɗaukar hoto ina hura hanci, sai abokin tafiyarmu, wani tela mai shegen baki, ya tambaye ni ina mutanen suke. Ba kowa sai mai gadi da wata akuya. Na ce ai safiya ce. Muka je muka ci shinkafa da wake, muka yi azahar, muka kewaya kasuwa, da la'asar muka dawo. Akuyar ma ta tafi.

Hayaniya muka ji a bayan katanga. Ashe dattawa ne cike a bakin titi, zaune a ƙasa suna dara, ga mai shayi, ga mai tsire, babura na watsa musu ƙura ba su damu ba. Mai gadi ya ce da can a ciki suke zama. Da aka sa pabe sai suka riƙa zuwa da yashi a buhu suna zubawa a kai, shi kuma aka ce ya share kowace safiya. Su kawo, ya share, su kawo, ya share, har suka yi fushi suka fita. Mai shayi ya bi su, mai tsire ya bi mai shayi, iyaye kuma suka hana yara zuwa wurin da babu babba mai sa ido.

Ni da rawar kai na je na gaishe su, na tambayi abin da ya hana su morar bencina. Wani tsoho ko kai bai ɗaga ba ya ce, "Ɗana, ka taɓa haƙa gurbi a sumunti?" Wallahi kunya ta rufe ni, telan nan kuwa dariya har da riƙe ciki.

Kafin magariba muna gida. Na faɗa wa kwamiti abin da tafiyar ta koya mini, cewa kafin ka gyara wa mutane wuri, ka fara zama ka ga yadda suke zama a cikinsa. Muka tsaya a kan a sa pabe a hanyar wucewa kawai, a dasa itatuwa, a bar yashi. Daga nan na wuce ƙofar gidan surukina, na tuɓe takalmi na durƙusa, na ce, "Baba, yashinku yana nan, ba mai taɓa shi."

Ya dube ni ya ce, "Madalla. Amma sai da ka biya kuɗin mota har Damagaram ka ji abin da na faɗa maka kyauta a nan?"