Tauraron 'Yar Injiniya

Muna shan shayi a wurin aiki, kusa da filin jirgin Madina, sai abokin aikina, wani injiniya Ba'indiye mai addinin Hindu, ya kife wayarsa ya yi tagumi. An fasa auren 'yarsa.

Na tambaye shi laifin me ta yi. Ya ce babu. A lissafinsu taurari tara ne, har da rana da wata, buruji kuma goma sha biyu. Inda kowanne yake a lokacin haihuwar mutum shi ake dubawa. Dangin mijin sun duba, sun ga jan tauraron da suke kira Mangal ya sauka a gurbin aure na lissafin haihuwarta, abin da suke ɗauka mugun nuni ne, sai suka janye.

Na ƙara masa shayi. Gaibu dai na Allah ne, amma ba wa'azi ya zo nema ba.

Can ya ce, “Kai ƙarfe nawa aka haife ka?”

Na ce, “Ya akhi, fasfona ɗaya ga Janairu ya ce, kamar na rabin mutanen garinmu. Inna dai ta ce da damina ne, kuma ta rasu.”

Sai ya ce, “Ka huta. Ranar da aka haifi 'yata, ni da kaina na tsaya ƙofar ɗakin haihuwa ina duba agogo, don kada a yi mata kuskure.”

Shekara da shekaru ina jin kunyar ɗaya ga Janairun nan. Yau ban ji ba.

Da ku ne, me za ku ce masa?