Mai Zane Ya Zaɓi Mai Nauyi

Tun kafin a haifi babbar 'yarsa mutane suka daina kiransa da sunansa. A ofis Mai Zane, a unguwa Mai Zane, a gida ma idan matarsa Inna ta fusata cewa take yi, "Ku je ku tambayi Mai Zanen naku." Ɗan kafinta ne. Mahaifinsa ya so ya gaje shi, amma yaron ya fi son layin da ake ja a jikin katako fiye da zarton da ke bin layin. Sai aka kai shi wurin wani tsohon mai zana taswirar gini, inda ya yi shekaru yana feƙe fensir kafin a bar shi ya ja layi ko ɗaya.

A hannun tsohon nan ya koyi cewa kayan aiki sai mai nauyi. Rular ƙarfe tana zama inda ka ajiye ta, ta roba kuwa ko atishawa ka yi sai ta goce. A can kuma ya ɗauko ɗabi'ar da bai taɓa saki ba: ba ya naɗe zane sai an yi wa ginin rufi. Duk ginin da ba a gama ba, takardarsa tana shimfiɗe a kan teburinsa, wata bisa wata, an danne kusurwoyin da guntayen ƙarfe. Yakan ce idan ka naɗe ka manta, idan ka manta kuma birkila zai yi abin da ya ga dama.

Teburin nan babba ne, mai gangare, yana jikin tagar da ta fi kowace haske a ofishin. Gefensa ya yi baƙi ya yi santsi saboda gogar gwiwar hannunsa. Daga kansa gidaje da shaguna da makarantu suka fito, daga kansa kuma aka ciyar da yara shida aka kai su makaranta. Gidansa ne kawai bai ƙarasa ba. Akwai matakala a tsakar gida wadda take hawa ta tsaya a iska, don benen da za ta kai mutum bai samu ba. Inna takan shanya kaya a kanta, idan baƙo ya tambaya ta ce, "Ai hanyar sama ce, mai gidan bai gama zana saman ba."

Sai kwamfuta ta shigo ofishin. Ba rana ɗaya ta kore fensir ba, a hankali ta yi. Masu gini suka daina gamsuwa da layuka a takarda. Kowa so yake a juya masa gidan a allo, a shigar da shi falo, ya ga inda zai ajiye kujera. Mai Zane bai yi girman kai ba. Kullum bayan an tashi aiki yakan ja kujera kusa da wata abokiyar aikinsa da ake kira Mai Gilashi, sa'ar 'yarsa, ta riƙa nuna masa. Hannunsa da ya saba da fensir ya koma koyon riƙe linzamin kwamfuta. Ya sha wuya, amma ya iya.

Oga, wanda ya gaji ofishin daga mahaifinsa, ya kira shi wata safiya. Bai iya kallon idonsa ba, sai ya kalli teburin ta ƙofa.

"Baba, teburin nan naka yana cin wurin mutum uku."

"Yana kuma yin aikin mutum uku," in ji Mai Zane.

Oga ya yi murmushin da bai kai ido ba. Ya ce akwai wani likita da zai gina ƙaramin asibiti a bayan gari, kuma shi ba ya zuwa ofis, a filinsa yake so a nuna masa ginin yana juyawa. "Na ba ka aikin. Idan ka nuna masa da hannunka ya karɓa, tebur yana nan, kai ma kana nan. Idan ba haka ba, Baba, sai dai mu yi wata magana."

Ofis ba shi da laftof ɗin da zai ara masa. 'Ya'yansa suka haɗa hannu, aka sa rana, ya tafi shagon kwamfuta da mutum biyu: Auta, ƙaramar 'yarsa, da surukinsa mijin babbar, wanda ake kira Injiniya duk da cewa aikinsa ɗaura tauraron talabijin ne a kan rufin mutane.

Shagon ƙunci ne, fanka tana kaɗa warin roba mai zafi. Mai shagon ya saurari buƙatarsu, ya jera laftof uku a kan gilashi.

"Baba, kada launi ya ruɗe ka. Abin da ake saya yana ciki, furosesa, wato ƙwaƙwalwarta." Ya dafa ta farko, baƙa, mai kauri, da ramukan iska a gefe. "Wannan ƙwaƙwalwarta ta fi ta sauran ƙarfi, kuma tana da katin hoto nata daban. Ka ɗora mata bene goma, kafin ka ƙifta ido ta juya shi. Amma cin wuta gare ta. Idan ka cire ta daga soket kana aiki mai nauyi, kafin shayinka ya huce ka yi 'yar hira, ta fara kuka."

Ya matsa ga ta biyu, siririya, ruwan toka. "Wannan furosesarta sabon yayi ce, hoton a cikinta yake, ba kati daban. Idan zanen ya yi yawa takan ɗan ja numfashi, sannan ta yi. Batir kuwa, ka fita da safe ka dawo da yamma tana raye." Ta uku ya ture ta da ɗan yatsa. "Wannan batirinta ya fi na kowa, amma ta rubutu ce. Ka ba ta gini ta juya, za ka tausaya mata."

"To ai magana ta ƙare," in ji Auta. "Baba a fili zai yi aikin. Filin da ko bulo ba a kai ba, ina soket?"

Injiniya ya yi dariya har da dukan gilashi. "Ke Auta, kin san wuta ne ko kin san inji? Dattijo kamar Baba ya fito da wannan 'yar faranti a gaban likita? Ai sai a ce ta jikarsa ya aro. Malam, ba mu mai ƙarfin."

"Yaya Injiniya, ƙarfin da ya mutu a hanya na mene ne?"

"Ji min yarinya. Waye injiniya tsakanina da ke?"

"Na rufin kwano."

Mai Zane ya dubi laftof ɗin uku. Duk maganar furosesa da kati ta bi ta saman kansa, kuma kunya ta hana shi cewa a maimaita. Sai ya koma ga abin da ya sani. Ya ɗaga ta ukun a tafin hannu, ya ajiye. Ya ɗaga siririyar, ya ji kamar fayil ɗin da babu takarda a ciki, ya taɓe baki. Ya ɗaga baƙar da hannu biyu, ya auna ta, ya ji ta zauna daram. Fuskarsa ta saki.

"Wannan," ya ce.

"Baba, ba rula ba ce fa," in ji Auta a hankali.

"Na sani, uwata. Amma abin da ba shi da nauyi, me aka zuba a ciki?"

Mai shagon ya dubi furfurar Mai Zane. Abin da ya iya cewa kawai shi ne, "To Baba, kada ka rabu da caja."

A ofis, da igiyarta a bango, baƙar ta yi abin da aka ce za ta yi. Mai Zane ya zuba duk abin da ya sani a asibitin nan. Ya sa ɗakin haihuwa nesa da hayaniyar ƙofa, ya yi gangare mai sauƙi maimakon matakala saboda gadon marasa lafiya, ya sa tagogi inda iska za ta ratsa. Ma'aikata suka riƙa tsayawa a bayansa suna kallon ginin yana juyawa sumul, har da inuwar bishiyoyi. Rabon da a tsaya a bayansa an daɗe.

Wata rana Mai Gilashi ta leƙa allonsa ta riƙe baki. Zanen ƙasa a buɗe, na rufi a buɗe, na bututun ruwa, na wayoyin wuta, ginin mai juyawa, har da wasu gidaje biyu na wasu mutane da ba a gama ba.

"Baba, rufe waɗanda ba ka aiki da su mana. Duk suna shan ƙarfinta."

"An yi wa ginin rufi ne?" ya tambaye ta, bai ko ɗago ba.

Ta yi dariya ta koma kujerarta. Ta ɗauka wasa yake yi.

Ranar zuwa fili ya cika baƙar laftof ɗin da caji tun da safe. Da za a tafi ya kai hannu zai kashe ta, sai allon ya tambaye shi ko ya rufe zanukan. Ya tsaya. Bai taɓa zuwa gaban mai gini da naɗaɗɗen zane ba. Ya fasa, ya sauke murfin bai ƙarasa rufewa ba, ya cusa hankicinsa a tsakani don kada ta yi barci, ya sa ta a jaka tana aiki.

Motar Oga ta maƙale a cunkoso, rana ta take. Jakar tana kan cinyarsa tana huci, zafinta yana ratsa wandonsa. Ya shafa ta yana jin daɗi, a ransa yana cewa haka injin kirki yake, ba ya zama banza.

Filin ba komai sai turaku da igiya da rumfar tamfol. Likitan, mutum mai fara'a da gaggawa, ya miƙa masa hannu biyu. Aka kawo benci, Mai Zane ya buɗe laftof, ga asibiti tsaye a allo, fari tas. Akwai 'yar jar alamar batir a kusurwar ƙasa, amma idonsa yana kan ginin. Ya juya shi hagu, ya juya shi dama. Likitan ya matso.

"Kai, masha Allah. Shigar da ni ciki, Baba. Ina ɗakin haihuwa?"

Ya kai shi bakin ƙofa, ya bi da shi ta baranda. Sai allon ya yi baƙi. A cikinsa Mai Zane ya ga fuskarsa, da ta likitan, da ta Oga a bayansu.

Ya danna maɓalli. Ya sake dannawa. Ya zaro caja, mai kai kamar rabin bulo, ya miƙe yana riƙe da ita yana waige-waige a filin da ko sandar wuta babu. Mai gadin filin ya ce akwai janareto, amma mai walda ya tafi da makullin. A motar Oga ba inda bakin cajar zai shiga. Likitan ya duba agogo, cikin ladabi, a fakaice.

"Ba kina da kwafi ba?" Oga ya ce wa Mai Gilashi, wadda ta biyo su filin.

Ta dubi Mai Zane kamar mai neman gafara. Ta ciro tata laftof ɗin daga jakar hannu, siririya, ruwan toka. Na'urar ta ɗan ja numfashi, sannan asibitin ya tashi. Ba shi da inuwar bishiyoyi, amma yana juyawa. Ta shigar da likitan ɗakin haihuwa, ta sauko da shi ta gangaren.

"Wa ya yi tunanin gangaren nan? Abin da nake ta faɗa wa mutane ke nan!"

"Baba ne ya zana, duka aikinsa ne," in ji ta.

"Madalla, madalla," likitan ya ce, idonsa a allonta. "Sannu 'yata, hannunki yana da kyau. Oga, ita za ta riƙa zuwa min duba aiki ko?"

Oga ya ce ita ce.

Teburin bai fita ta ƙofa ba sai da aka kwance ƙafafunsa. Mai Zane ya tsaya yana kallo, ya ma nuna musu inda kusoshin suke. Takardun da ke kai, Oga ya sa aka naɗe su aka ɗaure da roba. "Ba korar ka muka yi ba, Baba," ya ce, yana miƙa masa makullin ɗakin ajiya na ƙasa, inda tsofaffin taswirori suke. "Wurin yana son mutum mai hankali."

A gida Injiniya ya riga kowa magana. Ya ce shi dai ƙarfi ya ce, bai ce a dafa ta a jaka ba, kuma mai shagon nan ma a bincike shi. Inna ta ce ya tashi ya ba mutane wuri.  Auta ta kawo wa mahaifinta ruwa, ta durƙusa ta ajiye, ta fita. Da ta ce "ai na faɗa", da ya samu abin yi wa faɗa ya huce. Shirun nata ya fi zama masa a ƙirji.

Bai ajiye aiki ba, don akwai sauran masu cin abinci a hannunsa. Kullum yakan goge takalmi, ya sa fensir a aljihun gaba, ya sauka ɗakin da ba taga, mai warin laima da tsohuwar takarda. Wani lokaci a yini guda ba wanda zai sauko. Idan an sauko ma, tambayar ba ta wuce, "Baba, ina taswirar gidan wane?" Ya ɗauko, a ce an gode, a hau.

Asibitin ya tashi. Mai Gilashi takan sauko ta nuna masa hotuna a waya, ta tambaye shi abin da ya shige mata duhu, ya ba ta amsa a taƙaice. Ranar buɗewa aka gayyaci ofishin gaba ɗaya. Mai Zane ya zo da rigarsa mafi kyau, wadda ta sha guga a hannun Inna. Aka yi ta shiga motoci ana raha, har wuri ya cika. Oga ya leƙo ta tagar mota.

"Baba, ka ga dole wani ya tsaya saboda waya. Za mu kawo maka hotuna."

Ya zauna a kujerar karɓar baƙi cikin rigar tasa, ofis shiru sai ƙarar fanka. Can wayar ta yi ƙara. Wani mutum ne, ya ce gida yake so a zana masa, ko akwai wanda zai yi magana da shi?



"Babu kowa," in ji Mai Zane. "Duk sun fita. Ka kira gobe."