Ranar da Baba Ya Koyar da Ajinmu Hanyar Lome

Ina aji shida a lekol, wato makarantar bokon unguwarmu ta Zongo, a Wagadugu, aka kawo mana sabuwar malama. Bamosa ce, Mosanci ne yarenta, daga unguwar Cissin, kullum a kan moto, wato babur, take zuwa, mu kuma Madam kawai muke ce mata. Mun fi tamanin a ajin. Darasin da muka fi tsana shi ne labarin ƙasa, domin haddar sunayen garuruwa da koguna ce zalla da Faransanci, mu rera da safe, kafin azahar mun manta.

Wata Talata Madam ta rataya taswira a allo, ta tambaya ta ina kayan da ake sayarwa a kasuwarmu suke shigowa, tunda ƙasarmu ba ta da teku. Ni kuwa sai na raɗa wa ƙawata cewa daga Lome ne, Babana duk wata yana zuwa. Ashe Madam ta ji.

"Me babanki yake yi a Lome?"

"Direban kamiyo ne, Madam, babbar motar kaya," na ce, murya ƙasa-ƙasa.

Da aka tashi ta ba ni wasiƙa in kai masa. Na karanta a hanya: roƙonsa take ya zo ya yi wa aji bayanin hanyar. Baba mutumin Nijar ne, bai taɓa shiga lekol ba, Faransancinsa na wajen 'yan duwan, masu karɓar harajin kaya a kan iyaka, da jandarma ne, ya haɗa da Hausa da Mosanci. A ajinmu akwai 'ya'yan ma'aikatan ofis, na san za su yi dariya. Na cusa wasiƙar cikin kaye, littafin rubutuna, ban kai masa ba.

Bayan kwana huɗu, ina wanke-wanke da la'asar, na ji moto ta tsaya a ƙofar gida. Madam ce. Baba yana kan tabarma yana shan shayi. Inna ta kawo mata ruwa, suka gaisa da Mosanci, ta faɗi abin da ya kawo ta. Ba ta ambaci wasiƙar ba, ta dai dube ni sau ɗaya.

Baba ya yi dariya. "Malama, ni da ban san ko baƙi ɗaya na boko ba, me zan koya wa yara?"

"Hanya," in ji ta. "Ni a takarda na san ta. Kai ka taka ta."

Ya ajiye kofin shayinsa ya ce ta ba shi mako biyu, yana da lodin albasa zuwa Lome, in ya dawo zai zo.

Ranar da ya zo, babbar rigarsa ta Juma'a ya sa, da buhu a kafaɗa. Madam ta miƙa masa alli. Ya ja layi ɗaya a allo, allin ya karye, wasu a baya suka ƙyalƙyale. Na sunkuyar da kai. Baba ya dubi guntun allin, ya ajiye shi a tebur, ya ce, "Malama, allon nan ya yi wa hanyata kaɗan. A bar mu mu fita waje."

Muka fita tsakar makaranta. Ya samo sanda, ya ja layi a ƙasa daga gindin bishiyar darbejiya har bakin famfo. Sai ya kira ni da sunan da yake kirana a gida, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

"Uwata, zo ki juya musu da harshen lekol."

Na fito na tsaya kusa da shi. Ya ajiye albasa a gindin darbejiya ya ce nan ne Nijar, inda ake noma ta. Ya taka gaba ya ajiye dutse, Wagadugu ke nan. Ya nuna inda hanya take rabuwa a Kupela, ɗaya ta yi gabas, ɗaya ta gangara kudu. A Sinkase, bakin iyaka, ya tsayar da yara biyu suka zama 'yan duwan, ya sa suka tambaye shi takardu, aji ya fashe da dariya, wannan karon tare da shi. Kowane gari sai ya ciro wani abu daga buhu: ƙwallon kaɗanya, doya, 'ya'yan kwakwar manja. Ya ce direba ba ya buƙatar alama kafin ya san ya yi kudu, bishiyoyi ne suke gaya masa, kuka tana raguwa, ganye yana ƙaruwa, har gumi yana sauya. Ya ba da labarin wurin da aka tsaga dutse hanya ta ratsa ta tsakiya, inda kowane direba yake yin bisimilla kafin ya shiga.

Ina fassarawa, in kalma ta ƙwace mini Madam ta cike. Can na lura ina ɗaga murya har na baya suna ji.

'Yar wani ma'aikacin banki, wadda na fi jin tsoron bakinta, ta ɗaga hannu. "Me ya sa mutanen Lome ba sa noma tasu albasar?"

"Ruwa ya yi musu yawa, 'yata. Damina biyu gare su a shekara. Albasa kuwa rani take so, da sanyi." Madam ta ce kowa ya rubuta wannan.

A bakin famfo ya ciro kwalba. Ruwan teku ne, da hannunsa ya ɗebo. Ya ɗiga wa kowa a tafin hannu. Yara sama da tamanin suna lasa suna yamutsa fuska suna ihu, har maigadin makaranta ya zo ya miƙa hannu.

Mako na gaba Madam ta kai mu sibar, shagon intanet da ke bakin titi, goma-goma, kowane rukuni ya nemi hoton gari ɗaya na kan hanyar. Na roƙi Baba ya raka rukuninmu. Intanet ɗin tana da nauyi, hoton yana saukowa kaɗan-kaɗan daga sama. Kafin ya kai rabi Baba ya dafa kafaɗata ya ce, "Tsagaggen dutsen nan ne! Dubi inda kamiyo suka goge gefensa." Mai sibar ya buga mana shi a takarda, muka manna hotunan a bangon aji bi da bi, daga Nijar har bakin teku.

Daga nan Madam ta riƙa gayyato iyaye. Wata mai lambu daga unguwar Tanghin ta zo ta yi mana bayanin ban ruwa, wani tela ya koya mana awo. A jarrabawar ƙarshen firamare an tambaye mu tashoshin jiragen ruwan da ƙasarmu take amfani da su. Na rubuta amsar har na ƙara da garuruwan da ke kan hanya, ko da yake ba a tambaya ba.

Baba ya ci gaba da tuƙi shekara shida bayan haka, kafin ciwon baya ya zaunar da shi. Duk tsawon lokacin, in ya bi ta gaban lekol, yara sukan biyo shi suna "Malam! Malam!" Shi kuwa sai ya tsaya ya tambaye su wane gari ne bayan Kupela, kuma ba ya tafiya sai an ba shi amsa.