Hujin da Rana ta Yi wa Kyamarar Don Eleuterio

A garin Mompox na bakin kogi, duk wanda aka yi wa baftisma ko aure cikin shekara arba'in ɗin nan, da wuya in ba Don Eleuterio Barraza ne ya ɗauke shi hoto ba. Kyamararsa irin ta da ce mai fim, wadda ake leƙa 'yar taga a gefe, a ga mutum ya rabu biyu, a yi ta murza gilashin gaba har biyun su haɗe. Cikin gwangwani take kwana, bisa ɗanyar shinkafa, don kada laimar kogi ta sa gilashin ya yi fumfuna. Duk Lahadi bayan coci yakan zauna ya yi ta ƙyasta ta ba fim, wai kada gaɓoɓinta su sage.

Murfin gilashi ne kawai ba ta da shi. Irin wannan kyamara, ko gilashin a rufe yake, ta taga komai tas za ka gani. Haka yana saurayi ya ɗauki bikin aure sukutum da murfi a kai, fim ya fito wayam. Ran nan ya wurga murfin cikin kogi.

Ranar da wata tsohuwar garin, Doña Nicasia, ta cika shekara casa'in da shida, 'ya'ya da jikoki suka taru, har na birnin Caracas mai nisa, washegari kuma za su watse. Hoto ɗaya take so, kowa a ciki, sai aka kira Eleuterio. Aka ce a fara cin abinci. Eleuterio ya ajiye kyamara a teburin tsakar gida, fuska sama, ya bi miyar kifi da rogo. Rana tsaka ta bi ta gilashi ta ƙona labulen ƙyallen da ke ciki, mai tare wa fim haske. Da ya buɗe bayanta zai sa fim, sai ga huji kamar na allura.

Amininsa Casimiro mai aski ya leƙo. "Mutumina, shekara arba'in kana ba ta shinkafa, amma ka hana ta hula?"

"Rufe mini baki, sarkin surutu. Je ka karɓo jan farcen matarka, mafi duhu."

Eleuterio ya ɗiga shi a kan hujin da tsinken sakace, ya zauna jiran ya bushe. Inuwa ta fara cin tsakar gida.

"Ɗana," in ji Doña Nicasia daga kujerarta, "ni zan riga bushewa ko abin nan naka?"

"Saura ƙiris, Mama."

Da sauran haske ya jera su, Casimiro ya cusa kansa a gefen hagu, aka ƙyasta sau uku. Ashe likin bai kama duka ba. Da aka wanke fim, kowane hoto ya fito da farin tabo a gefen hagu.

Tsohuwa ta sa tabarau, ta bi fuskoki da yatsa, talatin da huɗu cif.

"Wannan mara fuskar fa?"

"Casimiro ne, Mama."

"To, da ma ba nawa ba ne. Rataya mini hoton."