Salamatu Mai Zanen Hula

A Durba, duk macen da ke ɗinkin hula ta san ƙofar Salamatu. Ita ba ta cika ɗinki ba, zane ne aikinta. Za a kawo mata farin yadi, ta shimfiɗa a kan faifai, ta ɗauki biro ta fitar da gidajen da allura za ta bi, ba ruwanta da rula. Tun rasuwar mijinta da wannan take riƙe kanta.

Hawan jini ne ya kayar da ita wata safiya tana shara. Ta tashi daga jinyar, baki ya dawo, ƙafa ta dawo, amma hannun dama ya kama karkarwa. Yadin farko da ta zana bayan nan, maƙwabciyarta Ramlatu ta karɓa ta yi godiya, amma ba ta ɗinka ba. Daga nan mata suka ɗauke ƙafa, sai dai gaisuwa.

Ƙaninta Gali yana da shagon buga katin biki a Rano. Ran kasuwar Kibiya ya zo da kwamfutar hannu mai alƙalami, ya ɗora mata a cinya.

"Yaya, ja layi mu gani."

Ta ja, ya fito a karkace kamar sawun tsutsa. Ta ture allon.

"Dakata mana," in ji shi. Ya taɓa wani wuri. "Na ƙara mata saiti, yanzu za ta riƙa shanye rawar hannun. Sake ja."

Wannan karon layin ya biyo alƙalamin a baya a baya, kamar mai jin nauyin tafiya, amma ya fito sumul. Salamatu ta daɗe tana kallonsa, sannan ta share ido da gefen mayafi.

Koyon bai zo da sauƙi ba. In aka ƙara saitin da yawa, sai ya mayar da kusurwa ta zama lanƙwasa, zanen hula kuwa kusurwa ce adonsa. Ita da kanta ta gano dabara: ta ɗaga alƙalamin a kowace kusurwa, ta sake dasa shi. Gali ya riƙa buga zanen a takarda, mata su ɗora yadi su kwafa. Ranin nan gidan ya sake cika da hira.

Da damina ta kama, karkarwar ta ƙaru. Gali ya kai saitin ƙarshensa, duk da haka layin na tsalle. Sai ya shiga gyarawa a shago kafin ya buga, bai gaya mata ba. Rannan ta karɓi takardar, ta kai ta bakin ƙofa wajen haske.

"Gali, wannan ba hannuna ba ne."

"Ɗan gyara ne kawai, Yaya."

"Ni ba na rufe gida ta hagu. Allah ya yi maka albarka, ka yi ƙoƙari. Amma kar ka ƙara ba mutane wannan da sunana."

Ya sunkuyar da kai. Ta miƙa masa alƙalamin, hannun na rawa har sai da ya tara nasa biyu ya karɓa.

Ba ta sake zane ba. Takan zauna kusa da Ramlatu tana zaɓa mata launin zare har a kira la'asar. Ciwon ya dawo ana tsakiyar girbin gero, bai kuma ba ta kwanaki da yawa ba.

Bayan sadakar bakwai, mata biyu suka je shagon Gali neman zane. Ya kunna kwamfutar ya buga musu zanenta na ranin nan, waɗanda bai yi wa gyara ba. Da suka tambayi nawa ne, ya ce su yi mata addu'a.