Buhun Iri a Hanyar Filingue

A Baleyara muka ji labarin ruwa. Wata mai sayar da dafaffen zogale ce ta faɗa wa Baba ta tagar mota cewa an yi ruwan shuka a Kurfai, yankinmu, tun shekaranjiya. Baba ya karɓi zogalen ya miƙo mini, bai ci ba.

Zamanin mulkin soja ne, shekarar da ta biyo bayan fari. A gidanmu an cinye har irin da aka ajiye don shuka. Shi ya sa da aka ba mu hutun lakkol, wato makaranta, Baba ya zo da kansa Maradi, inda nake karatu a gidan ƙanensa, ya ɗauko ni, ya kuma samo buhu guda na irin gero. Bai yarda a ɗora buhun a saman mota ba. A ƙarƙashin ƙafafuna yake tun daga Maradi, har gwiwoyina suna kusan taɓa haɓata. Yanzu ga ruwa ya riga mu isa, kuma rairayin ƙasarmu ba ya riƙe danshi. In ya bushe kafin mu shuka, sai jiran wani ruwan, wanda ba mai sanin ranarsa.

Motar cike take da manoma masu komawa daga cirani. Duk inda direba ya tsaya, sai maza su dira, su tsuguna a gefen hanya, su tona rairayi da hannu don su ga inda danshi ya kai. Su dawo da jiƙaƙƙiyar ƙasa a hannu suna gardama.

"Har gwiwar hannu!" in ji wani dattijo mai hakorin goro.

"Taka gwiwar gajera ce, Malam," in ji wata Bazabarmiya da ke zaune kusa da ni. "Auna da ta direba mu gani."

Aka yi dariya. Baba bai yi ba. Ya ce, "Direba, don Allah mu tahi."

"Ku ne dai ke tsai da ni, kuna tonon hanya kamar kurege."

Kafin Bonkuku akwai shinge. Aka sauke mu duka, aka duba takardun manya. Wani soja ya leƙo ciki, ya soki buhunmu da tsinken ƙarfe, ya murza ƙwayoyin a tafinsa. Baba ya cire hula ya ce iri ne. Sojan ya jinjina kai ya wuce.

Sai da muka tashi na ji wani abu yana zubo mini a kan ƙafa, a hankali, kamar tururuwa. Na leƙa. Gero ne yake tsiyaya ta hudar, yana gangarawa ta wata tsaga a ƙasan motar, yana bin hanya. Baba yana can gaba, mutane sun raba mu wajen sake shiga mota. In yi masa magana sai na ɗaga murya a gaban maza cike da mota, abin da ban taɓa yi ba. Na cire takalmi na cusa babban yatsan ƙafata a hudar.

Haka muka yi sauran tafiyar. Duk ramin da motar ta faɗa sai yatsan ya kuɓuce, in lalubo hudar in mayar. Ƙafar ta yi sanyi, daga baya na daina jin ta. Bazabarmiyar ta duba ƙasa, ta dube ni. Sai ta matso da cinyarta ta tokare buhun. A gonakin gefen hanya ina ganin mutane a jere, na gaba yana sara, na baya yana zuba iri yana rufewa da diddige. Baba yana bin su da ido har wuyansa ya juya.

Ba mu kai tasha ba. Daidai kan gonarmu, kafin a shiga Filingue, ya buga jikin mota aka tsaya. Na sauko ina ɗingishi, tafina a kan hudar. Ya tsuguna ya tona. Saman ya bushe fari fat. Ya ci gaba da tonawa, sai ƙasa ta fara yin duhu, ta kama hannunsa har wuyan hannu. Ya dunƙule ta, ta tsaya ba ta warwatse ba.

"Da saura," ya ce. Sai ya ga hudar, ya ga yatsana da ya yi jawur. Ya daɗe yana dubawa. "Ɗiyata, zauna ki huta."

Ban zauna ba. Ya ari sungumi wurin maƙwabcin gona, na ɗebi iri a ɗankwalina na bi bayansa. Wajen la'asar Inna ta iso da ƙwaryar fura a kai, don an kai mata labari a gida.

"Baƙin da ba su san ƙofar gida ba," ta ce. Ta ajiye ƙwaryar a inuwa, ta ɗaure zane, ta miƙo mini hannu in zuba mata iri.